Saje da ya yi yaƙi da Manjo da bai je ba: wa zai miƙe wa wani?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan tsohon soja ne, a bariki aka haife ni, yanzu ina sana'a a Agege. Mahaifina ya shiga soja a 1968, ya yi yaƙin basasa, ya bar aiki yana Saje. Tsofaffin sojojin unguwarmu suna da 'yar ƙungiya, duk wata sukan zauna su yi karo-karo, su duba marasa lafiya, su taimaka wa matan waɗanda suka rasu. Kwanan nan zaman ya lalace. Wani Manjo mai ritaya, wanda Baba ya girme shi nesa ba kusa ba, ya ce shi ya kamata ya riƙa jagorantar zama, kuma a miƙe masa idan ya shigo. Baba ya ce masa a gaban jama'a, lokacin da suke kwana a rami a Owerri shi ko kaciya ba a yi masa ba, kuma aninansa a ofis ya same su. Daga nan gardama ta kaure. Waɗanda suka je Laberiya suka ce su ma an raina su, wani matashi da ya dawo daga Borno da rauni a ƙafa ya ce duk cikinsu babu wanda ya ga abin da ya gani. Yanzu Baba ya daina zuwa, kuma abin yana cin ransa. Shin dole ne ya girmama Manjon bayan duk sun tuɓe kaki? Wa ya fi cancantar shugabanci? Kuma ta yaya ake gane wanda ya yi yaƙi da gaske?

Wani mai karatu daga Agege

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da ke damun mahaifinka, shi kuma Allah ya ƙara masa lafiya.

Babu wata doka da ta tilasta wa Baba ya ƙame ko ya sara wa Manjo. Ikon ba da umarni na aiki ne, ranar da mutum ya karɓi takardar sallama ya ajiye shi. Amma sunan muƙamin yana nan, haƙƙinsa ne a kira shi Manjo har ya koma ga Allah, kamar yadda babu mai iya ƙwace wa mahaifinka igiyoyinsa uku. Saboda haka Manjo ya yi kuskure da ya nemi a miƙe masa, Baba kuma ya yi kuskure da ya nuna kamar Manjon bai yi soja ba. Na san wannan ba zai yi maka daɗin ji ba, amma in na ɓoye maka ban taimake ka ba.

Bari in fara da sarawa, domin mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe a bariki, suna ɗaukar ta a matsayin shaidar cewa wani ya fi wani. Soja yana sara wa hafsa ne saboda ikon da Shugaban Ƙasa ya danƙa masa a rubuce, ba don shekarunsa ko jarumtarsa ba. Kai da ka tashi a bariki ka sha ganin wannan: yaro ɗanye shakaf ya fito daga makarantar hafsoshi ta Kaduna da anini ɗaya a kafaɗa, a turo shi bataliya, Samanjan da ya kai shekara talatin a aiki, furfura ta cika masa kai, ya buga ƙafa ya sara masa a gaban kowa. Abin da ba kowa ke gani ba shi ne abin da ke biyo baya a cikin ofis. Idan yaron nan yana da hankali, shi zai jawo wa Samanja kujera, ya ce, "Baba, yaya ake yin abu kaza a nan?" Wanda kuwa ya ɗauka sarawar nan ta mayar da shi ubangidan kowa, ba ya daɗewa sai aiki ya kwaɓe masa. Sojan kirki tun yana cikin kaki ya san muƙami daban, girma daban. To in haka abin yake a filin fareti, ina ga tabarmar zaman ƙungiya a Agege, inda kowa ya zo da babbar rigarsa da hularsa?

Shi kuma Baba ya tuna cewa bin wanda bai kai shi shekaru ba ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Yakubu Gowon yana da shekara 31, yana Laftanar Kanar, ya zama shugaban ƙasa a 1966. Murtala Muhammed bai cika talatin ba ya jagoranci Runduna ta Biyu a 1967. Samari ne suka ja ragamar yaƙin nan, kuma a ƙarƙashinsu akwai dattawan da suka yi yaƙin Hitila.

Yanzu ga maganar da ta fi zafi, wato "a ofis ka same su". Na fahimci inda take fitowa. Kafin yaƙin basasa sojojin Najeriya ba su wuce kimanin dubu 10 ba, lokacin da aka gama a Janairun 1970 sun kai wajen dubu 250. An kwashi samari daga ƙauyuka da kasuwanni da tashoshin mota, aka ba su horo na 'yan makonni, aka tura su bakin daga. Bayan yaƙi gwamnati ta ga ba za ta iya riƙe wannan yawan ba, sai aka shiga rage su, musamman daga tsakiyar shekarun 1970. Da yawa aka sallame su ba su cika shekarun samun fansho ba, wasu da harsashi a jiki, ba karatu, ba sana'a. Su ne 'yan 63NA da kake jin ana ambata, saboda yadda lambar aikinsu ta fara. Mutumin da ya fito daga cikin waɗannan, ya ga wanda ya shigo aiki lokacin zaman lafiya ya fita da fanshon da ya ninka nasa, sannan kuma ya ce a miƙe masa, dole zuciya ta tafasa. Ban ga laifin zafin ba, laifin inda aka sauke shi nake gani.

Domin soja ba ya zaɓar inda za a tura shi. Takarda ce ke fitowa, sunanka a kai, ka ɗauki jakarka. Wanda ya shiga aiki a shekarun 1980 ya tarar da ƙasa ba ta yaƙi, in aka sa shi sashen biyan albashi ko ajiyar kaya ko sadarwa, can zai zauna. Ba gudu ya yi ba. Ya sa hannu a kan cewa duk ranar da aka kira shi zai tafi, ba a kira shi ba ne kawai. Kuma mutuwa ba ta tsaya a bakin daga ba. A nan Legas, ranar 26 ga Satumba 1992, jirgin sojan sama ya faɗi a fadamar Ejigbo jim kaɗan bayan ya tashi, mutum sama da 150 suka rasu, galibinsu hafsoshi masu muƙamin Manjo da makamantansa da ke kwas a Jaji. Ba wanda ya harbe su, amma a bakin aiki suka tafi, kuma 'ya'yansu marayun soja ne kamar na kowa.

Tunda Baba ya ambaci Owerri, shi ya fi kowa sanin darajar mutanen baya. Sojojin tarayya sun kama garin a Satumban 1968, daga baya dakarun Biyafara suka zagaye Birged ta 16 a ciki, aka yanke musu hanya na tsawon watanni har suka fice a Afrilun 1969. A lokacin nan ta sama ake jefo musu abinci da harsashi, wani ya faɗo wurinsu, wani ya faɗa hannun abokan gaba. Duk wanda ya kwana a ramin nan da yunwa yana sauraron ƙarar jirgi, ransa yana hannun Allah, sannan yana hannun wani ma'ajin kaya da ya ƙirga buhuna, da wani akawu da ya rubuta takarda, da wani makanike da ya gyara injin. A Abagana kuma, ranar 31 ga Maris 1968, ayarin motoci kusan ɗari na Runduna ta Biyu aka yi wa kwanton ɓauna, tankar mai ta kama da wuta, wutar ta bi layi. Ba ta ware direba da mai bindiga ba. Tun zamanin Turawa an san haka. A yaƙin Burma akwai dubban 'yan Afirka ta Yamma da aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, cikin dajin da mota ba ta shiga, kuma ba don su ba da masu bindiga ba su kai ko'ina ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ka bincika a hankali kafin ka yarda cewa Manjon ɗan ofis ne tun fil azal. Hanyar zama hafsa ba ɗaya ba ce. Akwai mai shiga makarantar Kaduna ya yi shekara biyar, akwai mai digiri da ake ba gajeren horo, akwai kuma wanda ya fara daga kurtu a Daffo na Zariya, ya yi Las Kofur, ya yi Kofur, ya yi Saje, sannan aka ɗaga shi ya zama hafsa. Irin waɗannan na ƙarshe da yawansu a Kyaftin ko Manjo suke yin ritaya. Zai yiwu mutumin da Baba yake wa kallon ɗan gata ya ɗaura igiyar da Baba ya ɗaura.

Sai gardamar wane yaƙi ya fi wane. Wannan ta girme ka, ta girmi ƙungiyarku. Ka duba sunayen barikokin garin nan: Dodan a Ikoyi, Myohaung da An a Yaba, Arakan da Tamandu a Apapa. Duk sunayen wurare ne a ƙasar Burma, inda kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 suka gwabza da Japanawa tsakanin 1943 da 1945. Har yau rundunar da ke Legas ta 81 ake kiranta, ta Inugu kuma ta 82. Waɗannan dattawan, da suka haye teku suka sha ruwan sama da zazzaɓi a dajin Arakan, kallon yara suka yi wa su Baba a 1968. Waɗanda suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964 su ma suna da nasu taƙamar. Yau su Baba ne dattawan, suna yi wa 'yan ECOMOG, wato rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka tura Laberiya da Saliyo, abin da aka yi musu, 'yan ECOMOG kuma suna yi wa 'yan Borno.

Ni a ganina ba a auna su da mudu ɗaya, domin kowanne da irin ɗacinsa. Na basasa yaƙi ne da ɗan'uwa. Wasu sun harba bindiga a kan mutanen da suka yi daffo tare, suka ci a kwano ɗaya. Da Philip Effiong, wanda ya karɓi ragamar Biyafara a ƙarshen yaƙin, ya zo Barikin Dodan ranar 15 ga Janairu 1970 ya miƙa wuya, Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Magana ce da ta ceci ƙasa, amma ta bar sojan da ya yi shekara biyu da rabi a daji ba shi da nasarar da zai yi alfahari da ita a bainar jama'a. A shekara ta 2000 ma gwamnati ta mayar da korar sojojin da suka yi wa Biyafara yaƙi ta koma ritaya. Don haka in ka ji tsoho yana maimaita "mu muka haɗa ƙasar nan", sau da yawa godiyar da bai ji ba yake nema.

'Yan Laberiya kuwa an ce musu aikin kiyaye zaman lafiya za su. Da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrovia a Agustan 1990, wuta ce ta tarbe su. Suka yi faɗa da yara ƙanana masu bindiga, wanda in ka harbe shi abin ya zauna maka a rai, in ka ƙyale shi ya kashe ka. A Saliyo sun ga mutanen da aka datse wa hannu, kuma da 'yan tawaye suka kutsa Freetown a Janairun 1999 su ne suka fitar da su titi bayan titi. Duk wannan a ƙasar wasu, yayin da a gida mutane da yawa ba su ma san ana yi ba. Shi kuma yaron da ya dawo daga Borno, nasa abokin gaban ba ya sa kaki, yana iya zama mai tallar da ya wuce shi da safe, kuma hanyar da ya bi jiya lafiya yau an binne mata bam. Wasu sun yi shekaru a wuri ɗaya ba a canja su ba. Baga, Malam Fatori, Metele, sunaye ne da in ka ambata a gaban wasu sai su yi shiru. A Malam Fatori aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Nuwamban 2016, kuma shi hafsa ne, ga wanda ke ganin hafsoshi ba sa shiga wuta. To wa zai zauna ya ce wannan ya fi wancan? Da me zai gwada? Wanda ya rasa abokinsa a gefensa, ba ruwansa da ko yaƙin babba ne a littafin tarihi.

Wannan ba ya nufin rigaye ba shi da daraja. Yana da ita, kuma addini bai ɓoye ba. A Suratul Hadid, aya ta 10, Allah ya fifita waɗanda suka ciyar suka yi yaƙi kafin buɗe Makka a kan waɗanda suka yi daga baya, amma a cikin ayar dai ya ce kowannensu an yi masa alkawarin kyakkyawan sakamako. Sayyidina Usman bai halarci Badar ba saboda an bar shi jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma aka ba shi rabonsa da ladan wanda ya halarta, domin da umarni ya zauna. Usama ɗan Zaidu kuma yana matashi aka ɗora shi a kan rundunar da ke da manyan sahabbai. Ka ga an girmama na farko, ba a wulaƙanta wanda aka ajiye a baya ba, kuma ba a ce dole babba ne zai riƙe tuta ba. 'Yan'uwanmu Kiristoci da ke cikin ƙungiyar, 'yan Zuru da Langtang da Numan da Kudancin Kaduna waɗanda Hausar bariki ta haɗa mu da su, ba na jin za su ƙi wannan ma'auni.

Game da gane wanda ya yi yaƙi da gaske, akwai hanya, kuma ba ta baki ba ce. Kowane soja yana da lambar aiki, yana da takardar sallama da ke nuna ranar shiga da ranar fita da muƙaminsa na ƙarshe, kuma ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa yana Lokoja. Tsofaffin sojoji da kansu sun iya tantance juna cikin minti kaɗan: wace bataliya, wa ke kwamanda, ta wace hanya kuka shiga garin, wa ke Samanjanku. Mai ƙarya ba ya wuce tambaya ta uku. Lambobin da ake maƙalawa a ƙirji ma ba duka ne na jarumta ba. Wasu na yawan shekarun aiki ne, wasu na nuna cewa mutum ya kasance a yankin da aka yi wani aiki, kaɗan ne na bajinta. Haka haruffan da hafsoshi ke jerawa bayan sunansu, da yawa na daɗewa a aiki ne da kwasa-kwasan da aka yi. Ƙirji cike da lambobi ba ya tabbatar da an sha wuta, ƙirji wayam kuma ba ya nuna ba a sha ba.

Amma ina roƙonku kada ku mayar da zamanku kotu. In wani yana amfani da ƙaryar aikin soja yana karɓar kuɗin ƙungiya ko tallafin da aka ware wa masu rauni ko matan waɗanda suka rasu, a nemi takardunsa, wannan haƙƙin mutane ne. In kuwa tsoho ne ya ƙara gishiri a labarinsa, ku bar shi. Shekara hamsin da ɗoriya ta wuce, ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da mutum ya gani da abin da ya ji. Kuma kada ku ɗauka mai shiru bai ga komai ba, ko mai yawan magana maƙaryaci ne. Wani shirun ne maganinsa, wani kuma in bai faɗa ba ba ya barci.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake so ka lura da shi a gida. Ka san yadda Legas take a Disamba, yara na ta fasa abin wasan wuta a lungu har tsakar dare. Ka dubi Baba a irin wannan lokacin. Yana zabura? Yana kasa komawa barci, ya fito tsakar gida ya zauna? Yana zaɓar kujerar da bayanta ke jikin bango, fuskarsa na kallon ƙofa? Yana fusata a kan ƙaramin abu, daga baya ya yi nadama? Waɗannan alamu ne na raunin da yaƙi ke bari a zuciya, kuma yakan ƙara tasowa da tsufa, lokacin da aiki ya ragu, abokai suka yi ta mutuwa. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma likitoci suna da abin yi a kai. Asibitin sojoji na 68 yana Yaba, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya ma yana Yaba. Yaron nan mai rauni a ƙafa ya fi kowa buƙatar a kula da shi ta wannan fuskar, domin nasa ɗanye ne. Da ya ce babu wanda ya ga abin da ya gani, ba raini yake nufi ba, neman wanda zai saurare shi yake. Kuma a duk unguwar babu wanda ya fi cancanta ya zauna da shi kamar mahaifinka.

Shugabanci kuwa, ƙungiya ba bataliya ba ce. Wanda 'yan ƙungiya suka zaɓa shi ne shugaba, ko Kofur ne. Ku rubuta 'yar ƙa'ida ko da shafi biyu ce: zaɓe bayan wa'adi, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ma'aji ya karanta lissafi a kowane zama. Ku ware kujerar uban ƙungiya ga wanda ya fi kowa shekaru, shi ke zama a gaba, shi ake fara gaisarwa, shi ke raba gardama. Miƙewa kuma a bar ta ga taken ƙasa da tunawa da waɗanda suka rasu, sai kuma abin da tarbiyya ta koya wa kowa, cewa yaro ke tashi ya ba babba wuri. A wannan ma'aunin Manjo ne zai gaida Baba, ba don Owerri ba, don furfura. A kira kowa da muƙaminsa, wannan ba ya rage wa kowa komai.

Kuma kada ku kori Manjo da baƙar magana, kuna buƙatarsa. Shi ya iya rubuta takardar da za a karanta a ofis, shi ya san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa, shi ne in ya buga waya wani tsohon yaronsa da ke kan kujera zai ɗauka. Mafi yawan abin da ke hura wutar irin wannan rigima kuɗi ne da mantuwa. Fanshon soja yana bin muƙamin ƙarshe da yawan shekarun aiki, bai san rami ba, bai san ofis ba. Sashe na 173 na tsarin mulki ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, amma tsofaffin sojoji sun sha zuwa su tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kafin a biya su haƙƙinsu. A irin wannan zaman dirshan, da layin tantance 'yan fansho, hafsa da kurtu rana ɗaya ke dukansu. Ƙungiyar da ta rabu gida uku ba za ta iya bin haƙƙin gwauruwa ɗaya ba. In kuna son ƙarfi, ku haɗa kanku da reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1964, domin da ita hukuma ta saba magana.

Kai kuma kada ka je wurin Manjo da kanka ka yi masa magana, ba sa'anka ba ne, kuma zai ɗauka Baba ne ya aiko ka. Ka nemi wanda dukansu ke jin nauyinsa, wani tsohon Samanja, ko limamin unguwa, in abin ya faskara a kai fadar Sarkin Hausawa. Abin da za a nema ba shi da yawa. Manjo, a matsayinsa na ƙarami, ya taka ya je gida ya gaida Baba. Baba kuma ya tarbe shi da "Manjo, sannu da zuwa", ya janye maganar kaciya, domin wannan ta wuce gardama ta zama cin fuska, kuma a gaban mutane aka yi ta. Ba sai an ce wane ne mai laifi ba. In ana neman dalilin haɗuwa, ga 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, lokacin da ake ajiye furanni a Dandalin Tafawa Ɓalewa. Ku ɗauki hayar mota ɗaya ku sa su a ciki gaba ɗaya.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran sulhu. Ka zauna da Baba da wayarka, ka naɗi labarinsa da bakinsa: inda aka ɗauke shi, bataliyarsa, garuruwan da suka bi, sunayen abokansa da ba su dawo ba. Kada ka matsa masa a kan abin da bai so faɗa ba. Ka ɗauki hoton takardar sallamarsa da katin fansho da duk wata takarda mai lambar aikinsa, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Ka duba ko sunan magajin da ke rubuce a takardunsa na nan da rai kuma an rubuta shi daidai da yadda yake a banki, ka kuma tabbatar an yi masa rajistar inshorar lafiya ta tsofaffin sojoji, shi da Mama. In akwai kuskure a suna ko ranar haihuwa, a gyara yanzu yana iya sa hannu da kansa.